Safar hannu ba ta maye gurbin wanke hannu

Akwai abin da na daɗe ina son in yi magana a kai, abu ne da mu ma'aikatan asibiti muka sani sarai amma masu jinya da marasa lafiya yawanci ba su sani ba, wasu ma a juye suka fahimce shi. Mutanenmu in suka ga nas ko likita ya nufo gado da safar hannu fara ƙal ko shuɗiya sai hankalinsu ya kwanta, a ce ai wannan ya san aikinsa, mai tsafta ne. In kuma ya zo da hannunsa haka nan, ko da yanzun nan ya gama murje shi da sanitaiza a bakin ƙofa, sai ka ji ana ƙananan maganganu, wai dan an ga talakawa ne shi ya sa ba a damu ba. Akwai kuma tsofaffin da in ka sa safa ka taɓa su sai ransu ya ɓaci, su ce ƙyamarsu kake yi. Ni dai abin da nake so kowa ya riƙa tambayar kansa in ya ga safa a hannun ma'aikaci shi ne, yaushe aka sa ta, me da me ta taɓa kafin ta iso jikin ɗana, kuma hannun da ke cikinta an wanke shi ko ba a wanke ba.

Ni nas ce, kuma na fi daɗewa a ɓangaren yara da na masu haihuwa, dan haka ba labari aka ba ni ba. Ga yadda abin yake faruwa a ɗaki mai gado talatin ko arba'in da ma'aikata biyu a aikin dare. Mutum zai zura safa da niyyar sa wa yaro kanula, 'yar robar nan da ake sawa a jijiya dan ƙarin ruwa ko allura, ya gama, jini ya ɗan taɓa yatsa ko bai taɓa ba, sai uwar gado na gaba ta kira shi ruwan ɗanta ya tsaya, ya juya ya murɗa abin ƙarin ruwan, daga nan ya ɗau fayil ya ɗau biro ya rubuta, waya ta yi ƙara a aljihu ya ciro ya duba, ya ja labule, ya tura ƙofa, ya dafa ƙarfen gado, sannan ya isa wajen jaririn da aka haifa jiya ya ɗaga rigarsa ya duba cibiya. Duk wannan da safa ɗaya. Shi a ransa yana jin shi tsaf yake, tunda fatarsa ba ta taɓa komai ba, kuma gaskiya ne shi kam ya tsira. Amma duk abin da ke jikin yaron farko ya bi robar nan ya zaga ɗakin kaf, har ya sauka a ɗanyar cibiya. Safa kaman takalmi ce, tana kare ƙafarka daga kashin kaji a tsakar gida, amma ba mai hawa tabarmar sallah da shi yana cewa ai ƙafata ba ta taɓa komai ba.

Kuma ba mugunta ba ce ke sa abokan aikina yin haka, wallahi ba ita ba ce. Na farko tsoro ne, ana tsoron ciwon hanta, ana tsoron ƙanjamau, ana tsoron Lassa, kuma tsoron yana da dalili. Na biyu safar kanta ba ta wadata ba, a asibitoci da yawa mara lafiya ne ke sayo ta, duk matar da ta taɓa zuwa awo ta san takardar kayan haihuwa da ake miƙa mata, auduga, leda, Jik, reza, safar hannu. To mutumin da ya san ɗan abin da ke cikin kwali shi ne zai kai shi har safiya, ya kuma san maigidan matar nan da ƙyar ya haɗa kuɗin magani, dole ka ga yana lallaɓa guda ɗaya. Na fahimci wannan sosai. Sai dai maganin ƙarancin safa ba shi ne a yi ta yawo da guda ɗaya ba, maganin shi ne a daina sa ta a inda ba a buƙata, a wanke hannu, a ajiye ta sai inda dole.

Asalin safar ma in aka bi tarihi ba dan mara lafiya aka fara yin ta ba. A asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, wajajen ƙarshen 1889 zuwa farkon 1890, akwai babban likitan tiyata William Halsted, nas ɗin da ke kula da ɗakin tiyatarsa Caroline Hampton hannunta ya lalace da ƙuraje saboda magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu ƙarfi da suke tsoma hannu a ciki, har tana shirin barin aikin. Sai ya sa kamfanin roba na Goodyear ya yi mata safa mara kauri da za ta kare mata fata. A 1890 ɗin ma ya aure ta. Sai daga baya ne sauran likitocin wajen suka fara sawa su ma, aka lura ciwukan da aka ɗinke sun rage yin ruwa da mugunya. Wato tun ranar farko aikin safa kare mai sa ta ne, amfanin da mara lafiya ke samu sai in an bi ƙa'ida, sabuwa ce, a kan wankakken hannu, dan aiki ɗaya a jikin mutum ɗaya.

Shi kuwa wanke hannu tun farkonsa dan mara lafiya ne, kuma labarinsa duk lokacin da na tuna sai jikina ya yi sanyi, dan a ɗakin haihuwa ya faru. A babban asibitin birnin Viyana na ƙasar Ostiriya a shekarun 1840 akwai ɗakunan haihuwa biyu, ɗaya likitoci da ɗaliban likitanci ke karɓar haihuwa, ɗayan ungozomomi. A na likitocin kusan mace 10 cikin 100 ke mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa, a na ungozomomin kusan 4. Matan gari sun san da wannan, har roƙo suke yi kar a kai su ɗakin likitoci, wasu sukan gwammace su haihu a hanya. Wani matashin likita ɗan ƙasar Hangari, Ignaz Semmelweis, abin ya hana shi sukuni, ya bi duk dalilan da ake faɗa bai ga bambanci ba, abinci ɗaya, iska ɗaya, gini ɗaya. Sai a 1847 abokinsa Jakob Kolletschka ya yanke a yatsa da wuƙar ɗalibi suna binciken gawa, ya kwanta ya mutu, da aka duba gawarsa sai ga irin alamomin da ake gani a jikin matan nan. Nan ya gane. Ɗaliban da safe suna ɗakin gawa suna fiɗa, daga can kai tsaye su wuce su duba mata masu naƙuda, ungozomomi kuwa ba sa zuwa ɗakin gawa sam. A tsakiyar watan Mayu ya kafa doka kowa sai ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya taɓa mace. A watan Afrilu mutuwar ta kai 18 cikin 100, a watan Yuni ta sauko wajen 2. Ku duba fa, babu sabon magani, babu sabuwar na'ura, lokacin ba a ma tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo ciwo ba. Amma manyan likitocin zamanin da yawa suka ƙi yarda, dan yarda da shi na nufin amincewa cewa hannunsu ne ke kashe matan, shi kuma ya ƙare rayuwarsa a gidan masu taɓin hankali a 1865 yana da shekara 47. Wannan jin nauyin da ya hana su yarda har yau yana nan a jikinmu, babu ma'aikacin da ke son a ce masa hannunsa ne ya kawo wa yaro ciwo.

Kuma ciwon da ake ɗauka a asibiti ba ƙaramin abu ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce cikin kowane mutum 100 da aka kwantar a asibiti, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 a ƙasashe irin namu, za su kamu da wata cutar da ba da ita suka zo ba, kuma cikin waɗanda suka kamu kusan 1 cikin 10 ba ya tashi. Mu a nan ba ma kiran abin da sunansa. Matar da aka yi wa tiyata aka ciro ɗa lafiya, bayan kwana biyar ɗinki ya buɗe yana wari, sai a ce jininta ne ba kyau, ko ba ta kiyaye ba. Jariri ya kama nono kwana biyu, rana ta uku ya saki, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, sai a ce kwana ne ya ƙare. Allah ne ke rayawa Shi ke kashewa, wannan ba mai musu, amma Shi ne kuma ya ba mu hankali ya ɗora mana amanar mutanen nan. Kuma ƙwayoyin cutar asibiti ba irin na gida ba ne, sun saba da magani, za ka ga an yi allurar da kowa ya sani ba ta yi ba, an canza wata ba ta yi ba, sai an kai ga mai tsadar da dangi za su sayar da akuya ko su ci bashi kafin su sayo.

Wani zai ce to in na canza safa tsakanin kowane mara lafiya ai shikenan ba sai na wanke hannu ba. A'a. Safar da muke gwaji da ita ba ta rasa 'yan ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, balle mai araha da ta sha zafin sito da rana a kanti, balle an ɗan jima ana aiki da ita. Sannan wajen cirewa da wuya yatsa ko wuyan hannu bai shafi bayanta ba. Ga gumi, duk wanda ya sa safa a zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san yadda hannu ke jiƙewa sharkaf a ciki, ɗumi da laima kuwa su ƙwayoyin cuta ke so. In kuma da hannu mai datti ka zura cikin kwali ka zaro, ka ɓata wadda ka ɗauka ka ɓata na kusa da ita. Dan haka ƙa'idar ita ce a tsaftace hannu kafin a sa, a tsaftace bayan an cire. Ba a wanke safar gwaji a shanya a sake sawa, ba a kuma zuba mata sanitaiza a wuce gado na gaba da ita. An yi wani bincike a asibitoci 15 a Birtaniya da aka wallafa a 2011, aka zauna ana kallon ma'aikata suna aiki sau sama da 7,000, sai aka ga in ba safa suna tsaftace hannu kusan 50 cikin 100 na lokutan da ya kamata, in da safa kuwa sai ya sauka zuwa wajen 41. Can fa da ruwa da wuta da komai ba ya yankewa. Wato da zarar roba ta hau hannu sai zuciya ta ce maka ka gama.

Inda safa ta zama dole sananne ne, duk inda za a haɗu da jini, mugunya, amai, kashi, fitsari, ruwan haihuwa, buɗaɗɗen ciwo, ɗibar jini, sa kanula da cire ta, kwashe fo, kula da mai amai da gudawa. Tiyata da karɓar haihuwa da sa robar fitsari kuma sai wadda ke rufe cikin takardarta da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, ba ta cikin kwali ba. Amma gwada hawan jini, gwada zafin jiki, jin bugun jijiya, ba da ƙwaya, tura keken mara lafiya, gyara masa filo, rubutu a fayil, duk ba sa buƙatar safa, har allurar da ake yi a tsoka ma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce dole a sa ba in fatar mai yi da ta wanda za a yi wa lafiya lau suke. Da za a bi wannan kaɗai da kwali ɗaya ya yi aikin biyu. Shi ya sa na ji daɗi da ranar tsaftar hannu ta duniya, 5 ga Mayu, ta 2025 aka ɗora ta kacokan kan wannan maganar, cewa safa wani lokaci ce amma tsaftace hannu kullum ne.

Lokutan da ake so ma'aikaci ya tsaftace hannu guda biyar ne, tun 2009 hukumar ta fitar da su kuma suna manne a bangon asibitoci da yawa har takardar ta koɗe. Kafin ka taɓa mara lafiya, da kafin ka yi masa wani aiki mai buƙatar tsabta ta musamman irin su allura ko wankin ciwo, waɗannan biyun dan shi ne. Sai bayan ka haɗu da jini ko wani ruwan jiki, bayan ka taɓa shi, da bayan ka taɓa abin da ke kewaye da shi ko da shi ɗin ba ka taɓa ba, ƙarfen gado, loka, zanin gado, sandar ƙarin ruwa. Abin da na lura, na bayan mun fi kiyayewa dan kanmu muke karewa, na kafin su ake tsallakewa, alhali su ne hakkin wanda ke kwance.

Yadda ake yin ma akwai magana. In sanitaiza ne, a zuba ya cika tafin hannu a murza sakan 20 zuwa 30 har ya bushe da kansa, ba ɗigo ɗaya a tafa hannu a goge a jikin riga ba. In ruwa da sabulu ne sakan 40 zuwa 60. Wuraren da ake mantawa kullum su ne babban yatsa, kan yatsu wajen farce, tsakanin yatsu da bayan hannu, kuma kan yatsun nan su ne fa ke taɓa komai. In hannu ya ɓaci a ido, ko an kula da mai gudawa, ko an fito bayi, to ruwa da sabulu ne, sanitaiza ba ya wanke datti kuma akwai ƙwayoyin gudawa da ba ya kashewa. Abu biyu da nake roƙon a daina, bahon ruwan Dettol ɗin nan da ake ajiyewa tun safe kowa ya zo ya tsoma hannu, da tawul ɗaya da ke rataye jikin sinki kullum a jiƙe. Wanda ya wanke hannu tsaf ya goge da tawul ɗin nan ya koma inda ya fito. Gara ka yarfe hannun ka bari iska ta busar.

'Yan uwana mata sai mun yi haƙuri a nan. Lalle ba shi da matsala, a yi ado, amma dogon farce da farcen roba da zobba da awarwaro da agogo ba na bakin aiki ba ne. A wani asibiti a Oklahoma ta Amurka tsakanin 1997 da 1998 jarirai 46 a ɗakin bakwaini suka kamu da wata ƙwayar cuta, 16 suka mutu, da aka bi diddigi sai aka samu irin ƙwayar a hannun nas biyu, ɗaya mai dogon farce ɗaya mai farcen roba. Na tabbata su ma suna son yaran nan, ba su san abin da ke ƙarƙashin farcensu ba ne. Farce kuma shi ke fara huda safa.

Sai maganar da ake yi min a ɓoye, wai sanitaiza giya ce, in mutum ya shafa sallarsa fa. Ni ba malama ba ce, kowa ya tambayi malaminsa, amma abin da na sani majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, a zamanta na Makka a 2002 ta halatta amfani da sinadarin alkohol, wanda shi ne ke cikin sanitaiza, a bayan fata dan tsaftace ciwo da kashe ƙwayoyin cuta, kuma duk wanda ya je aikin Hajji ko Umara ya shiga asibitin Saudiyya ya ga robobin sanitaiza a ko'ina. Ba sha ake yi ba, kuma cikin sakanni yake bin iska. Mu da aka koya mana tun muna yara cewa in mutum ya tashi daga barci kar ya tsoma hannu a mazubin ruwa sai ya wanke shi sau uku dan bai san inda hannunsa ya kwana ba, ai bai kamata wanke hannu ya zama baƙon abu a wajenmu ba. Sai dai kar mu ruɗi kanmu da cewa muna alwala sau biyar, alwala ibada ce kuma tana da amfaninta, amma ba sabulu a cikinta, kuma tsakanin azahar da la'asar nas ta taɓa mutum nawa?

Sanitaiza ɗin nan shi ya canza komai a asibitocin duniya, saboda ba mai iya zuwa sinki sau ashirin a awa ɗaya ya tsaya minti guda, aikin ba zai yiwu ba. A asibitin jami'ar Janeba da ke Suwizalan, wani likita Didier Pittet da abokan aikinsa suka raba wa ma'aikata 'yan kwalabe na aljihu, suka sa wasu a jikin gadaje, tsakanin 1994 da 1997 kiyaye tsaftar hannu ya tashi daga 48 zuwa 66 cikin 100, masu ɗaukar cuta a asibitin suka ragu daga kusan 17 zuwa kusan 10 cikin 100 a 1998. Kuma haɗin ba sirri ba ne, kyauta aka bayar da shi ga duniya. Lita 10 na buƙatar sifirit ɗin ethanol mai ƙarfin 96 cikin 100 mililita 8,333, da hydrogen peroxide mai ƙarfin 3 cikin 100 mililita 417, da gilisarin mililita 145, a cike da tafasasshen ruwan da ya huce ko tataccen ruwa, a rufe a bar shi kwana uku kafin a fara amfani. Duk sashen magunguna na babban asibiti zai iya haɗawa, lokacin korona ma wurare da yawa sun yi. Ban kawo wannan dan mutum ya haɗa a gida ba, aikin masu haɗa magani ne da ma'auni, na kawo ne dan a san ba wani abu ne da sai an jira jirgi ya kawo daga waje ba. Na kasuwa kuma a duba, in alkohol ɗin da ke cikinsa bai kai 60 cikin 100 ba ƙamshi kawai ka saya.

Mun fa taɓa nuna za mu iya. Da Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yulin 2014 da Ebola a jikinsa, Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta tsaya kai da fata ta hana shi fita daga asibiti, ita ma ta kamu ta rasu a watan Agusta. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, da yawansu ma'aikatan lafiya, zuwa 20 ga Oktoba aka ce Najeriya ta rabu da cutar. A 'yan watannin nan ko banki za ka shiga sai ka wanke hannu, makarantu, tashoshin mota, ko'ina bokiti mai famfo, irin wanda wata masaniyar kimiyya 'yar Gana Veronica Bekoe ta ƙirƙiro har ake kiransa da sunanta. Kowa kuma ya tuna daren da aka yi ta buga waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har aka rasa rayuka, dan tsoro in ba ilimi ɓarna yake yi. Da cutar ta wuce bokitan suka koma na wanki. Korona ta zo a 2020 aka sake fito da su, ta lafa aka sake mayarwa. Ita kuwa Lassa ba baƙuwa ba ce, tamu ce, sunan garin Lassa na jihar Borno ta ɗauka tun 1969, kuma waɗanda aka fara sanin ta kashe nas-nas ne, ɗaya ta kamu a Lassa aka kai ta Jos, wadda ta yi jinyarta a can ita ma ta kamu ta rasu. Duk rani sai ta dawo, a Janairun 2020 ma ta kashe likitoci biyu a Kano bayan sun yi wa wata mai ciki aiki. Mai Lassa ba ya zuwa da tambari a goshi, da zazzaɓi yake zuwa kaman kowa, kwana uku ana ba shi maganin maleriya da taifod kafin wani ya yi tunani. Shi ya sa abin da zai cece mu shi ne halin da muke yi wa kowane mara lafiya ranar da ba a shelar komai a rediyo.

Masu jinya, ku ma maganar ta shafe ku sosai, dan a asibitocinmu rabin aikin ku ke yi, ku ke ba da abinci, ku ke kwashe fo, ku ke wanke zani, ku ke juya mara lafiya, ku ke kwana a ƙasan gado. Ki kwashe kashin yaro ki ɗauraye hannu da ruwan buta kawai ki dawo ki dama masa kunu, ko ki taimaka wa maƙwabciyar gado ki riƙe mata nata yaron mai gudawa, zumunci ne mai kyau kuma Allah ya ba da lada, amma a sa sabulu a cikin kayan da ake tahowa da su, kusa da filas da tabarma. 'Yan dubiya da 'yan barka kuma, jaririn da bai kwana biyu a duniya ba sai ya zaga hannu goma sha, daga wadda ta sauko daga adaidaita ta karɓi canji sai wadda ta gama fyace wa ɗanta majina. Ba laifi ba ne kaka ta tsaya a bakin ƙofa da buta da sabulu ta ce kowa ya wanke kafin ya ɗauka, daga bakinta ba mai jin haushi. Cibiya kuma a bar ta da maganin chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti, da wankakken hannu, ban da man goge baki ban da toka ban da tsumma.

Kuma kuna da hakkin ku yi magana. Na san da nauyi, ana tsoron kar a yi wa mutum tsawa ko a share shi, kuma ba zan ce hakan ba ya faruwa ba. Amma akwai yadda ake faɗa, Sista dan Allah ki yi haƙuri, ko za a ɗan canza safar kafin a taɓa masa kanular, ko Likita ga sanitaiza nan na sayo saboda yaron. Ku kuma abokan aikina in an faɗa mana haka mu karɓa da hannu biyu, uwar nan ba raina karatunmu ta yi ba, ɗanta take tsoro wa. Manyanmu su ne za su fi gyara wannan, in babban likita ya tsaya ya murza hannu a gaban kowane gado lokacin zagaye, duk ƙananan likitoci da ɗaliban da ke bayansa sai sun yi ba tare da an ce musu komai ba, in ya wuce su ma wucewa za su yi. Haka masu kemis na unguwa da ke allura da ƙarin ruwa da wankin ciwo, mutanen da ke bi ta hannunku a rana sun fi na wani ƙaramin asibitin yawa, kuma hannun da ke karɓar kuɗi shi ke fasa kwalbar allura.

Amma duk wannan surutun nawa ba zai yi amfani ba in ba ruwa. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken wurin tsaftace hannu a inda ake duba marasa lafiya da kuma bayi, kuma mutum miliyan 688 suna zuwa wuraren da babu komai sam, ba ruwa ba sabulu ba sanitaiza. Na yi aiki a inda sinki yake nan sabo fil amma famfon bai taɓa kawo ruwa ba, sai mai jinya ya nemo ɗan garuwa, in dare ya yi kuma da fiya wata ake karɓar haihuwa, mace ɗaya ta fasa leda da haƙori tana tsiyaya wa ungozoma, wata na haska fitilar waya. A irin wannan wajen ba adalci ba ne a zo da takarda a manna a bango a ce ma'aikata ba sa wanke hannu.

Dan haka roƙona ga duk wanda ke cikin kwamitin lafiya na mazaɓa, da masu unguwanni da dagatai, da ƙungiyoyin matasa da na tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗi dan taimakon gari, kafin a yi maganar fenti ko katanga ko sabon allo, a shiga ɗakin haihuwa a murɗa famfo a gani, a leƙa bayi, a tambayi mai kula da asibitin wa ke sayen sabulu kuma da kuɗin wa. In rijiyar burtsatse da sola sun fi ƙarfin aljihu a yanzu, tanki ɗaya da za a riƙa cikawa duk mako, da bokiti mai famfo a kowane ɗaki, da katan ɗin sabulu duk wata, da wani mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin ya tabbatar ba su yanke ba, wannan bai fi ƙarfin kowace unguwa ba.